Kifin Iya Gaji

Iya Gaji ungozoma ce a Garu, cikin Dutse, kuma rabin mutanen unguwar ita ta yanke musu cibiya. Kakata Maimuna, maƙwabciyarta, ita ta ba ni labarinta. Iya Gaji mace ce mai kaifin baki, da doka ɗaya da ba ta sassautawa: maijego ba ta rabuwa da jaririnta sai an yi arba'in. Mijin da ya zo da wata magana, da tsintsiya take raka shi.

Ɗa ɗaya Allah ya bar mata, Uwaisu. Da yake ɗan fari ne, ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce "wancan". Shekarar da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ta Ringim aka ɗebe shi aiki, har ya zama kukun wani Bature mai ajiye ƙananan kifaye a akwatin gilashi. Da Baturen zai koma ƙasarsu ya bar masa su. Uwaisu ya kawo su Dutse a tulu, guda goma sha biyu, kowanne bai kai ɗan yatsa ba. Ya ce waɗannan ba sa yin ƙwai, haihuwa suke yi kamar mutane. Ya juye su a tsohuwar randa, ya ce ta riƙe masa kafin ya dawo, ya bi aikin ya yi gabas.

Damina uku ba shi ba labarinsa. A nan ne Iya Gaji ta ƙulla a ranta cewa muddin akwai kifi a randar nan, ɗanta na raye. Liman ya ce mata wannan ba addini ba ne. Ta ce ta ji, ta koma ta ci gaba da barbaɗa musu garin gero.

Kifayen suna haihuwa kam. Da hantsi za ta ga 'ya'ya kamar tsabar gero mai ido, kafin la'asar babu ko ɗaya. Ta zargi ƙadangare, ta rufe randar da faifai. Ta zargi kambun baka, ta karɓo rubutu ta zuba a ruwan. Manyan kuwa tsufa na ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya, daga goma sha biyu suka koma bakwai, suka koma uku.

Kakata ce ta fara ganin abin, ta ce, "Iya, uwar ce ke haɗiye su. Ki raba su."

"Maimuna, shekara talatin ina karɓar haihuwa," in ji Iya Gaji. "Ban taɓa ganin uwar da ta ci ɗanta ba. Kar ki ƙara faɗa mini."

Taurin kai ne, ba na ɓoyewa, amma ni tausayi take ba ni. In ta yarda da maganar, duk abin da ta koya wa matan Garu ya rushe.

Aka wayi gari saura mace ɗaya, cikinta ya yi baƙi ya kumbura, namijin ƙarshe kuma ya mutu. In wannan haihuwar ta salwanta, shi ke nan. Iya Gaji ta ja tabarma bakin randa, ta ƙi ci ta ƙi sha. Aka zo kiranta gidan naƙuda, a karo na farko a rayuwarta ta ce a tafi da Maimuna.

Wajen azahar kifanyar ta fara haihuwa. Na fari ya fito, uwar ta juyo ta haɗiye shi. Na biyu ma haka. Iya Gaji na kallo. Ta bari har suka fito da yawa, sannan ta ɗauki ludayi ta kwashe uwar ta sa a kasko.

Da kakata ta dawo ta tarar da ita ta ba randar baya, ta zuba wa kaskon ido, uwar na ta kewaye ita kaɗai.

"Na raba su," ta ce, hawaye na zuba. "Yadda aka yi mini."

Uwar ta mutu bayan kwana biyu. 'Ya'ya tara suka rayu, suka hayayyafa har randa ta zama uku. Uwaisu bai dawo ba.

Ranar da ciwon ajali ya kwantar da ita, ta kama hannun kakata ta ce, "In kifanya ta haihu, ki cire uwar, kar ki ji tausayinta. Ki riƙe su sai Uwaisu ya zo."

Kakata ta ce tunda take, ranar ta fara jin sunan a bakinta.