Malam Ya Zo Sau Uku

A shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, idanun Babana suka gama rufewa. Muna zaune a wani gidan haya a Ƙofar Kaura, cikin Katsina, ni da shi kaɗai, don mahaifiyata ta daɗe da rasuwa, ƙanena kuma yana aiki a wani gari kudu da mu. Ina koyarwa a firamare. Kowace safiya kafin in fita sai na karanta wa Baba Littafi Mai Tsarki, shi kuma yana gyara mini in na tsallake layi, don ya haddace kusan duk Zabura.

Baba yana da aboki guda, wani maɗinki Musulmi da muke kira Malam. Tun Baba yana ba da magani a asibiti suka saba. Kullum bayan la'asar Malam zai rufe shago ya zo, su shimfiɗa tabarma a zaure, su kunna rediyo, su yi ta gardama kan ko 'yan siyasa za su fi soja. Wani lokaci su koma kan Annabi Yusufu, kowa da yadda littafinsa ya kawo labarin, su tashi suna dariya.

Ba a yi shekara ba rikicin addini ya ɓarke a garin da ƙanena yake. Aka kashe shi a hanyar dawowa daga aiki. Ko gawarsa ba mu gani ba. A Katsina ba wanda ya taɓa mu, amma ni na daina ganin maƙwabta, sai dai in ga mutanen da suka kashe mini ɗan'uwa.

Washegarin da labarin ya iso mana, Baba yana ɗaki, Malam ya yi sallama. Na fito na tare ƙofar zaure.

"Ɗiyata, ya haƙuri? Ina babanki?"

"Barci yake, Malam."

Ya dawo kashegari, na faɗa masa haka nan. Rana ta uku ya zo riƙe da kwanon fura. Ban ko durƙusa na gaishe shi ba. Na ce, "Malam, ka daina wahalar da kanka. Ba ma bukatar gaisuwar kowa."

Ya dube ni. Sannan ya ce, "To. Allah ya ba ku haƙuri." Ya juya da kwanonsa, ya bi lungu a hankali. Bai sake zuwa ba.

Da la'asar ta yi sai Baba ya lallaba ya fito zaure ya zauna. "Malam bai zo ba?" Sai in ce bai zo ba. Haka muka yi wata biyu. Bai taɓa faɗin wata mummunar magana a kansa ba. Wata safiya ya ce in karanta masa inda Yesu ya je kabarin abokinsa bayan kwana huɗu da binnewa. Da na gama ya ce, "Kin ji? Ya makara, amma ya zo. Wataƙila Malam kunya yake ji. Zai zo." Na rufe littafin. Na ce a raina gobe zan faɗa masa.

Baba ya rasu kafin ruwan farko. Ranar jana'iza, muna rera waƙa a bakin kabari, na hangi Malam tsaye can nesa ƙarƙashin dalbejiya, shi kaɗai, har aka gama.

Sai da na yi shekara kafin na iya zuwa shagonsa. Na durƙusa gefen keken ɗinki na faɗa masa komai, har da tambayar da Baba yake yi kowace la'asar. Ya cire tabarau ya ajiye.

"Ni na yafe miki tun a ƙofar, ɗiyata. Wuta ce a cikinki ranar. Amma shi, ya tafi yana zaton na guje shi?"

Na ce, "E, Malam."

Ya sunkuyar da kai, ya yi kuka kamar yaro. Wata mata ta shigo karɓar ɗinki, ta gan mu, ta koma da baya.

Na roƙi gafarar Ubangiji, kuma na gaskata ya gafarta mini. Fastonmu ma ya sha gaya mini haka. Duk da haka, yanzu na kai shekarun Baba, kuma har yau ban iya zama a gida da la'asar ba. Sai na nemi abin da zai fitar da ni, ko da zagaya unguwa ne, har rana ta faɗi.