Kawu Isufu da shingen coci

Duk wanda ya taɓa yin tafiya da Kawu Isufu ya san wahalarta. Ba ya wuce ƙofar ƙarfe sai ya ciro makullin gidansa ya ƙwanƙwasa ta, ya kara kunne. In ta yi masa, ya gyaɗa kai. In ba ta yi ba, ya ja tsaki kamar an zage shi.

Ɗan maƙeran Damagaram ne, ƙanen mahaifiyata, ya tsufa a wata masana'anta a Lyon, ƙasar Faransa. Da ya zo wurina a Aubervilliers, gefen Paris, na kai shi ya ga hasumiyar Eiffel, ina ta rawar jiki. Ya ƙwanƙwasa, ya ɗaga kai, ya ce, "Tsawo ne kawai." Wallahi ranar na yi da-na-sanin barin gadona.

Amma akwai wata tsohuwar coci a unguwar su Kawu a Lyon, da kaburbura a harabarta, an kewaye ta da shingen ƙarfe ƙirar hannu. Wannan kam ya sace zuciyar Kawu. Da ya ji za a cire shi saboda tsatsa a sa na zamani, abinci ma ya ƙi shiga. Ya sami limamin cocin ya ce a bar masa, zai kankare ya shafa fenti.

Mutanenmu fa suka sa shi gaba. Bayan sallar Juma'a wani ya ce, Malam Isufu, an ce ka sauya layi? Ya ce shi ba ruwansa da mai ɗakin ibadar, maƙerin da ya buga ƙarfen nan ɗan'uwansa ne a sana'a, kuma a gidansu ba a barin aikin maƙeri ya mutu ana kallo.

Sai dai Kawu da taurin kai! Ya rantse ba zai taka cikin harabar ba. Daga titi yake aikinsa. Shinge ya fito fes ta waje, ta ciki ko ja wur da tsatsa. Matarsa, Inna Hajara, ta ce wannan ai wankan fuska ne a bar ƙeya. Ya yi kamar bai ji ba.

Haka aka tafi har limamin ya gaya masa gaskiya: tsatsar ciki na cin ƙarfen, in ba a taɓa ta ba cirewa za a yi. Lokacin ciwo ya riga ya kama Kawu, hannunsa na rawa. Na zo daga Paris duba shi, sai ya miƙo mini gwangwanin fenti ya ce mu je.

A bakin ƙofar ya daɗe tsaye. Sannan ya tuɓe takalmansa, cikin sanyin nan. Na ce, "Kawu, nan ba a cirewa."

Ya ce, "Gidan mutane ne, kuma suna kwance."

Da safa ya shiga, kullum haka, har ya gama. Bai ga wata bazarar ba.

Shingen na nan, ba a cire ba. Bara na shiga na duba ta ciki. Fentin duk ya zuzzubo, ya bushe a karkace, inda hannun ya ƙi yi masa biyayya. Na riƙe ƙarfen na yi kuka sosai, ban ji kunyar kowa ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya buɗe masa ƙofar rahama ya shiga ba tare da ya tsaya a waje ba. Amin.