Motata mai tsimin mai ta je Zoza

Inna ta sa ana cusa buhun gyaɗa na biyu a but ɗin motata, ni kuwa ina kallon bayan motar yana sauka.

Saboda ƙaramin injinta mai turbo, wanda ba ya shan mai, na saye ta. Daga Kano zuwa gidanmu a Zoza, da ƙyar allurar mai ta motsa. Amma in ta ji lodi, sai ta buɗe maƙogwaro.

Na ce, "Inna, a rage kayan nan. In ta yi nauyi, mai take sha sosai."

Ta shafa motar kamar kan jikanta. "To ta sha mana. Wa ya taɓa zuwa gidana aka yi masa ƙwauro?"

Da hannuna na buɗe ƙofar baya, aka ƙara kabewa. A hanyar komawa Kano, tun a Karaye na shiga gidan mai, kuma ko kaɗan ban ji haushi ba.

Ku fa, wa ke cika muku but haka?