Takalman Bra Lesiba

A Mamelodi, unguwar baƙaƙen fata da ke gefen Pretoria, ranar Lahadi rabuwa biyu take yi, safiya ta masu coci, la'asar ta masu kiɗan jaz. Mme Mosima Thobejane, wato Inna Mosima a harshensu, 'yar la'asar ce, kuma ba ta taɓa jin kunyar faɗa ba, ko a gaban fasto. Shekara arba'in da ɗaya ta yi tana guga a ɗakin wankin wani asibiti a Pretoria, zannuwan gado da rigunan likitoci, a tsaye daga Litinin zuwa Asabar. Amma in ka tambaye ta sana'arta sai ta ce ita mai sauraro ce, gugar nan ta neman tuwo ce kawai.

Tana da shekara sha bakwai aka kawo ta daga ƙauye wurin gwaggonta, zamanin da baƙin mutum ba ya taka titin Pretoria sai da takardar izini a aljihu. Wata Lahadi aka aike ta sayen kananzir, sai ta ji wani ƙaho yana kuka a bayan gidan Mme Mokgadi, mai sayar da tuwon masara da farfesun tumbi. Ta leƙa ta saman danga. Maza huɗu ne a ƙarƙashin rumfar kwano: mai saksafon, mai ganguna, mai fiyanon da ya ci duniya, da wani dogo rungume da bas, babbar jitar nan ta tsaye da ta kusa fin shi tsawo. Nan ta sandare da kwalba a hannu har rana ta yi sanyi. Ta sha mari a gida, ta kuma koma Lahadi mai zuwa.

A hankali rumfar ta zama zaure, kowa yana ce masa Ga-Mokgadi, wato gidan Mokgadi, masu zuwa kuma suka zama ƙungiya mai dokokinta. In mai bas ya ɗauki kiɗa shi kaɗai, ko cokali ba ya taɓa kwano. Filin da ke tsakiya, simintin da ake shafa wa jan man goge daɓe har ya riƙa ɗaukar ido, na rawa ne, kuma mutum ɗaya ke shiga a lokaci guda, ya yi abin da kiɗan ya gaya masa, ya fito. Sai doka ta uku, wadda ba a yi mata dariya. In ɗan ƙungiya ya mutu, Lahadin da ta bi jana'iza ana ajiye takalmansa na rawa a tsakiyar filin, makaɗa su buga masa kiɗan da ya fi so, filin nasa ne shi kaɗai har a gama.

Mosima ta yi aure, ta haifi uku, ta binne mijinta, mutumin kirki mai waƙar coci wanda har ya koma ga Allah bai gane abin da take ji a ƙaho ba. Duk cikin wannan ba ta fashin Lahadi sai in jego ko makoki ya riƙe ta. Kuma duk cikin wannan ba sa ga maciji da Bra Lesiba, wato Yaya Lesiba.

Lesiba direban motar kai burodi ne, siriri, mai hular malafa da takalma masu launi biyu, fari da baƙi, waɗanda yake goge su da miyau da tsohuwar safa. Ya iya rawa, wannan ko Mosima ba ta musa ba, sai dai ba a gabansa ba. Bakinsa ne ba ya da linzami.

"Ausi Mosima," zai ce, wato 'yar'uwa Mosima, in ta fito daga fili tana haki, "yau ma guga kika yi mana? Na ga sai gaba da baya kike yi, saura yayyafa ruwa."

"Kai kuma fa? Ƙafafu kamar na zakaran da ya taka garwashi. Je ka kai burodinka ya huce."

Shekara talatin da wani abu suna haka. Bai taɓa yabonta ba ko sau ɗaya, ita ma ba ta taɓa yabonsa ba. Amma ranar da ɗaya bai zo ba, ɗayan sai ya wuni yana duban ƙofa yana masifa da masu kawo abinci.

Da Mme Mokgadi ta rasu, wurin ya faɗa hannun jikanta Phenyo, yaro mai takardun makarantar kasuwanci da murmushin da ba ya kaiwa ido. A bakin gaskiya ya gyara rufin da ke yoyo, ya sa bayi mai ruwa. Sai kuma ya dubi filin rawa, ya ga fili ne zaune ba ya kawo komai, ya jera masa tebura da fararen zannuwa. Makaɗa aka tura su lungu kusa da firji. Baƙi suka fara zuwa daga unguwannin masu hali, su ajiye motoci har bakin kwata, su zauna su juya wa makaɗa ƙeya. Wai sun zo jin jaz! Bra Malose, tsohon da ya yi shekara hamsin yana hura saksafon har leɓensa ya yi kanta, yana tsaye yana zazzago ransa, wata kuma tana ba ƙawarta labarin farashin labule da murya kamar tana kiran awaki. In aka gama su tafa, ba su san me suka tafa wa ba. Abin da ya fi ciwo shi ne allon da Phenyo ya kafa a waje, mai cewa nan ne gidan jaz na asali, har da hoton filin da ya binne a ƙarƙashin tebura.

Sau biyu Mosima tana tashi ta tsawatar wa baƙi lokacin kiɗan bas. A na biyun ta ƙwace wayar wani mai gemu ta kife masa ita a kan teburi. Phenyo ya ja ta gefe, yana kiran ta Koko, wato kaka a harshensu, cikin ladabin da ya fi zagi zafi.

"Koko, ina girmama ki, ke kamar kakata ce. Amma in kika sake tayar wa baƙona hankali, wallahi ƙofar nan ba za ta ƙara buɗe miki ba."

Ta san ba wasa yake yi ba. Ta kuma san ba ta da wata Lahadin in ba wannan ba. 'Ya'yanta suna Johannesburg da Polokwane, gidan shiru, gwiwoyi sun fara gardama. Sai ta haɗiye. Su shida da suka rage a ƙungiyar aka bar musu benci ɗaya a jikin bango, nan take zama ta cika fam, tana sauraro da haƙora a cije.

Lesiba ya mutu a watan Yuni, cikin sanyi, ciwon ƙirji na sati biyu. Bai bar mata ba, bai bar ɗa ba. Kwana biyu bayan jana'iza ƙanwarsa ta ƙwanƙwasa ƙofar Mosima da leda a hannu.

"Ya ce in kawo miki. Ya ce duk cikinsu ke ce ba ki da kunya, ke kaɗai za ki iya."

Mosima ta buɗe ledar, ta ga takalman nan, farin da baƙin. "Ɗan banza," ta ce, "yana cikin kabari ma bai fasa zagina ba." Sai da matar ta tafi ta zauna a bakin gado ta yi kukan da ba ta yi ba a maƙabarta.

Ran Lahadi ta goge siket ɗinta mai ninki, ta sa hular bere irin ta sojoji, ta isa tun ƙarfe biyu. Ta sami Phenyo yana duba kwalabe, ta roƙe shi, ita da ba ta iya roƙo ba. Minti goma kawai. A ja teburin tsakiya gefe, a buga kiɗa ɗaya, a mayar.

"Ayya, Koko, Allah Ya ji ƙansa. Amma teburin nan an kama shi tun wata guda, bikin ranar haihuwa ne, mutum sha huɗu. Ga wuri can," ya nuna lungun da ke tsakanin ƙofar bayi da kwandon shara, "ki ajiye su a nan, ai duk ɗaya ne."

"Duk ɗaya ne?"

"Takalma ne fa, Koko."

"Mutumin da ya ɗauko simintin filin nan a motar burodi, buhu-buhu, tun kafin a haife ka, shi zan ajiye a ƙofar bayi?"

Phenyo ya ɗaga kafaɗa ya koma kan kwalabensa.

Ta zauna a benci da ledar a cinya har zauren ya cika. Abokan zamanta huɗu kowa ya sunkuyar da kai. Ɗaya ya raɗa mata ta bari kawai, Lesiba ai ya riga ya tafi, ba zai sani ba. Ba ta ko dube shi ba. Tana kallon teburin tsakiya, an jera kaji da kwalabe masu tsada da kek hawa biyu, daidai inda ƙafar Lesiba ta sha juyi. Tsoro take ji, tsoro na gaske. Ta ga Lahadi mai zuwa, da wadda ke bin ta, ita kaɗai a ɗaki da rediyo.

Da makaɗa suka tsaya hutu ta miƙe. Ta je wurin masu biki ta gaishe su, ta yi musu bayani a taƙaice, ta ce ko za su taimaka su ja teburinsu kaɗan. Wani saurayi mai sarƙa a wuya ya fashe da dariya.

"Kai, wannan yana cikin shirin gidan ne? Koko, ki tsaya in ɗauke ki a waya!"

To, nan abin ya ƙare. Mosima ta ture farantin kaza da bayan hannu, ta zaro takalman, ta dasa su a kan farin zanen teburin, hancinsu yana duban makaɗa. Ta san abin da ta yi. Mace ce da ta yi rayuwarta tana fitar da datti daga farin zane, ba sai an gaya mata ba.

"Bra Malose!" ta ɗaga murya. "Na Lesiba!"

Tsohon ya dubi Phenyo, wanda ke biyansa, ya dubi takalman. Ya daɗe yana duba. Sai ya gyara igiyar wuyansa ya sa ƙaho a baki.

Kiɗa ne mai tafiya a hankali, irin wanda Lesiba ke shiga da taku uku ya tsaya cak, ya bar mutane suna jira. Zauren ya yi tsit, ba don ladabi ba, don mamaki. Mai bikin, yarinya 'yar shekara talatin, ta kalli fuskar tsohuwar, ta ɗauke kek ɗinta ta miƙe ta ja baya. Ƙawayenta suka bi ta ɗaya-ɗaya, wasu suna tsaki. Tsofaffin nan huɗu suka tashi daga benci suka cire huluna, kunya ta ishe su. Da aka zo kan mai bas shi kaɗai, sai ga tsirkiyoyin jitar nan masu kauri suna magana ƙasa-ƙasa, kowa yana ji har can bakin ƙofa, abin da ba a yi ba a zauren cikin shekara uku. Mosima tana tsaye ƙyam, hannuwa a ƙirji, hawaye yana bin wuyanta, tana hararar duk wanda ya motsa.

Phenyo ya bari aka gama, don yaro ne mai wayo, ya ga wayoyin salula a sama ana ɗaukar hoto. Sannan ya zo, fuska ba annuri.

"Na gaya miki, Koko."

"Ka gaya min. Ni ma na ji. Matsa in wuce."

Ta mayar da takalman cikin leda ta fita da ƙafarta, ba ta jira an raka ta ba. A waje rana tana nan da sauranta, iska mai sanyi tana kaɗa takardu a bakin titi. Kafin ta tsallaka ta ji an mayar da kujeru, surutu ya dawo kamar ba a yi komai ba.

Bra Malose ya biyo ta da ƙahonsa rataye a wuya, yana numfashi sama-sama.

"Ausi, tsaya mana. Bari ya huce, zan yi masa magana. Ki ba shi haƙuri kawai, ko a baki ne."

"In ba shi haƙuri? A kan me?"

"To ya za a yi? Mu nawa muka rage? Ke in taki ta zo, wa zai shigar da naki takalman?"

Ta dubi ƙafafunta, baƙaƙen takalma masu maɓalli da ta goge da safe. Ta gyara riƙon ledar.

"Ni ku binne ni da nawa a ƙafa," ta ce. "Ba za su zo nan suna roƙon wuri ba. Koma ka hura musu, abincinsu yana hucewa."