Ranar da Aka Ɓoye Mu a Rumbu

Shekarun baya, ina 'yar yarinya, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, aka yi shela za a zo ƙidayar mutane a ƙauyenmu da ke bayan Maska. Ni ce ke cewa ƙauye, kakata ta wajen uba ba ta yarda da wannan suna. A cewarta gari ne sosai a da, mai kasuwa da marina da maƙera. Tana ƙarama wani Bature ya zo da malamansa suka ƙirga kowa saboda haraji. Damina ba ta zagayo ba cutar agana ta shigo, ta kwashe yara, har da ƙannenta duka. Waɗanda suka tsira suka watse, wasu Funtua, wasu Malumfashi. A kan kufan gidajensu muke shuka gyaɗa.

Da ta ji shelar sai ta kira mahaifina ta ce, "Ɗan mutum ba tunkiya ba ne da za a ƙirga shi. Duk wanda suka rubuta, mutuwa ta san sunansa."

Ya ce, "Inna, umurnin hukuma ne fa."

Ta ce, "Hukuma ce ta taya ni kuka wancan karon?"

Ranar ƙidayar da hantsi aka hango malaman a kan kekuna, sai mahaifina ya ɗauke mu ni da ƙanena da bai daɗe da yaye ba, ya zura mu cikin rumbun dawa, ya mayar da murfin. Kaka ta ce ko tari kada in yi.

Ciki duhu da zafi, ga ƙaiƙayi. Ta wata kafa haske ke ɗan shigowa. Ina jin sallamar baƙin, ina jin kaka tana faɗa musu gidan nan babu yaro. A lokacin ne na ji motsi cikin zangarniya. Na ɗauka ɓera ne, har sai da abin ya ratsa ta wurin hasken. Maciji ne baƙi, yana sulalowa a hankali wajen ƙafar ƙanena.

Na toshe masa baki, na janyo shi jikina. Jama'a, ban taɓa shiga irin wannan tsaka mai wuya ba. In na yi ihu a rubuta mu mu mutu, in na yi shiru ga wata mutuwar a gabana. Da wayona na yarinta har na fara auna wadda ta fi sauƙi. Sanyin jikin macijin da ya taɓa diddigena ne ya raba gardama. Na ƙwalla ƙarar da ta tashi kajin maƙwabta.

Mahaifina ya yi jifa da murfin, ya fizgo mu ɗaya bayan ɗaya. Macijin ya shige ƙarƙashin damman dawa, sai da yamma aka kashe shi. Muka tsaya a tsakar gida, jikinmu duk ƙura, ga malamai biyu suna kallonmu. Babban cikinsu bai yi faɗa ba. Ya dubi kaka ya ce, "Iya, kwana na Allah ne. Alƙalamina ba ya rage shi." Ya tambayi sunayenmu, mahaifina ya faɗa, kaka ta juya baya tana share hawaye.

Shekara guda na yi ina jiran mutuwa. Ɗan ciwon kai, sai in kwanta in yafe wa kowa. Har 'yartsanata na ba ƙawata gado, daga baya na je na ƙwato abata da kokawa. Kaka kuwa kullum da safe sai ta shafa fuskokinmu tana neman ƙurji. Ba ta daina ba har ta koma ga Allah.

Yanzu ƙauyen ya sake cika, gidaje sun hau kan gonakin gyaɗar. Na yi karatu, na san amfanin ƙidaya, kuma ba na ɓoye wa hukuma kowa. Amma ban taɓa yi wa kaka dariya ba. Wanda ya ga an fitar da gawarwakin ƙannensa ɗaya bayan ɗaya, dole ya nemi abin da zai ɗora wa laifi. Ni kaina, in aka tambaye ni jikokina nawa, sai in ƙi faɗin adadinsu. In ce, "Suna nan, alhamdu lillahi," in kawo wata hira.