Kunkurun da Ya Ƙi Riƙe Caji

Shekara arba'in da ɗaya Mai Rediyo ya yi a kan benci guda, a wani ɗan shago tsakanin tela da mai gyaran takalmi. Rediyo, talabijin, fanka, dutsen guga, duk abin da ke cin wuta ya bi ta hannunsa. Mutum ne mai taurin kai da tsadar magana, kuma taƙamarsa ɗaya ce a duniya: bai taɓa mayar wa mai kaya kayansa ya ce ya fi ƙarfinsa ba. Da mutane suka koyi jefar da kaya su sayi sabo, sai ya rufe shagon, ya tura kayan aikinsa ƙarƙashin gado a cikin kwali. Bayan shekara biyu uwar 'ya'yansa ta rasu, ya rage shi kaɗai a ɗaki biyu da falo, a hawa na uku.

'Ya'yansa maza biyu sai a yi wata ba a ji su ba. Autarsa, ma'aikaciyar jinya a wani gari mai nisa, ita ce mai kira ranar hutunta, minti biyar cif: ka ci abinci, ka sha magani, to sai an jima. Shi kuwa ko zai mutu da kewa ba zai fara kira ba, don a ganinsa ƙarami ke gaida babba. Haka zai zauna da waya a aljihun gaba yana tattaɓa ta.

Ita ce ta aiko masa da injin shara, wani abu mai kama da murfin babbar tukunya, mai yawo da kansa yana zuƙe ƙura, in ya gaji ya koma gindin cajarsa. Da farko tsaki ya ja, ya ce tsintsiya wane laifi ta yi. Kafin wata ya ƙare ya raɗa masa suna Kunkuru. Ƙarfe tara na safe zai fito, tsohon ya ɗage masa ƙafa yana yi masa faɗa: “Kai, ba ka ga lungun can ba? Aikin ganin ido!”

Wata safiya Kunkuru ya fito da cikakken caji, ya yi minti huɗu, ya mace a ƙarƙashin tebur. Mai Rediyo ya jawo kwalin nan da murna. Ya kifa injin a kan jarida, ya goge ƙarafa biyun da ke taɓa caja, ya warware zaren da ya naɗe burushi, ya auna cajar da mitar gwada wuta ya ga lafiyarta ƙalau. Sannan ya kwance murfin ciki ya zaro batir. Ƙwaya huɗu ne a jere cikin leda, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ta uku ce ta mutu. Ita ke cika da wuri ta kuma zube da wuri, ta ja sauran ƙasa. Ko shayinsa bai huce ba ya gama gano cutar.

Yana mayar da murfin sai waya ta yi ƙara. Ashe injin yana aika saƙo zuwa wayar Auta duk lokacin da ya tsaya.

“Baba, na ga injin ya tsaya. Kada ka taɓa komai, ba irin rediyonku ba ne. Da yamma zan kira in nuna maka.”

Ya buɗe baki zai ce mata tun ba a haife ta ba yake cin abinci da wannan aiki. Sai ya ji kalmar “da yamma”, ranar kuwa ba ranar hutunta ba ce. Ya haɗiye maganarsa.

“To, Allah ya kai mu,” ya ce.

Washegari ya hau mota ya je layinsu na dā, inda shagonsa ya koma wurin sayar da rigunan waya. Ya sayo sabon batir daidai da na injin, ya dawo ya ɓoye shi a bayan kwalaben magani.

Kwana goma sha ɗaya ana wannan wasa. Kullum in ta tashi daga aiki sai ta kira. Yau a goge ƙarafa, gobe a canza soket, jibi a danne maɓalli har a ƙirga ashirin. Mutumin da ke gane ciwon talabijin daga ƙararsa ya koma yana tambaya, “Wane maɓallin, na dama ko na hagu?” A tsakiyar haka hira ke ɓallewa. Ya ji labarin shugabarta mai masifa, ya ji jikarsa ta cire haƙori, har dariyar Auta ya ji, irin ta uwarta sak. Rabonsa da cin abinci da daɗi haka tun kafin rasuwar.

Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. A rana ta goma sha biyu ta sake tambayarsa abin da suka yi jiya, shi kuma don ya ja zancen ya ce ya manta. Sai ta ce, “Baba, yau wace rana ce? Faɗa mini sunan jikarka.” Ya amsa yana mamaki. Suka yi sallama, sai dai ba ta kashe wayar ba, ya ji tana magana da mijinta.

“Wallahi haka suke farawa, kullum ina ganinsu a wurin aiki. Baba fa! Baba da ke gyara abin da kowa ya gagara, yau bai san dama da hagu ba.” Sai kuka.

Ya daɗe zaune da wayar a hannu. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba. Shi hira yake nema, ashe tsoro yake ɗura wa yarinyar kullum.

Da gari ya waye ya ɗauko batirin. Ya kwance, ya zare tsohon, ya jona sabon, ya ɗaure. Minti shida. Ya ɗora Kunkuru a caji, da ya cika ya sake shi, ya yi awa ɗaya da rabi yana zagaya gidan, ya koma gindin cajarsa da kansa. Ya sa wa ƙwaya ta uku ta tsohon batirin alama da biro, ya ɗauki hotonsa, ya tura mata da saƙon murya: “Wannan ce ta mutu. Tun ranar farko na gani. Kaina ƙalau yake.”

Amsarta ta zo da rana, a rubuce: “Alhamdu lillahi! Baba ka ba ni tsoro.” Ko dai ba ta lura da maganar ranar farko ba, ko aiki ya sha kanta.

Yamma ta yi, waya ba ta yi ƙara ba. Washegari ma haka. Injin kuwa sai aikinsa yake ba fashi, falon ya yi fes, babu mai taka shi sai mutum ɗaya. A rana ta huɗu ya tsaya a kan Kunkuru da sukundireba a hannu. Wayar wuta ɗaya zai sassauta a cikin injin, shi ke nan, kuma babu wanda zai taɓa ganewa. Ya ajiye sukundirebar, ya zaro wayarsa daga aljihu, ya lalubo lambarta da yatsa mai kauri.

“Baba? Lafiya? Ya sake tsayawa ne?”

“Lafiyarsa ƙalau.”

“To me ya faru?”

Ya dubi bango, ya dubi ƙafafunsa. “Babu komai. Gidan ne ya yi mini shiru.”

Ya ji hayaniyar asibiti a bayanta, ana kiran wani, ana tura gado. Har ya fara neman inda ake kashewa.

“Baba,” ta ce, “kada ka kashe. Bari in fita waje.”