Na Narkar da Sihirin Warkarwar Abokina

A shekarun casa'in ni ƙaramin akawu ne a wani ofis a Maiduguri, ina haya a Moduganari. Ga ni da gaggawa, ga ganin na fi kowa iyawa. Maƙwabcina sa'ana ne, ɗan wata malamar makaranta daga kudancin Borno, yana fama da ciwon sikila tun yarinta. Kawunsa ya aiko masa da na'urar gem ta talabijin, da kaset ɗin wani jarumi mai yaƙar dodanni da takobi da sihiri. A wasan kai kake haɗa sihirinka: wuta da iska su ba ka guguwa mai ƙuna, ruwa da haske su ba ka mai warkar da rauni. Amma abin da ka narkar ba ya dawowa, kuma jarumi ɗaya kaset ɗin yake iya ajiyewa.

Abokina ya shafe watanni yana tara sihirin warkarwa kawai. Nakan tsokane shi cewa ya mai da jarumi nas ɗin asibiti, shi kuwa ya yi dariya ya ce ba sauri yake ba. Da damina ciwon ya kwantar da shi a asibiti. Ya sa mahaifiyarsa ta ba ni na'urar don kada kaɗaici ya dame ni, ya roƙe ni kada in taɓa masa haɗinsa. Akwai wani dodo da ya daɗe yana tare masa hanya, sai na ce bari in yi masa bazata. Na narkar da sihirin warkarwar duka cikin wuta, na ƙone dodon ƙurmus, na ajiye wasan a haka, ina ta jin kaina.

Ranar da aka sallamo shi, a rame, na kunna masa ina washe baki. Ya duba jakar jarumin ya tarar babu sihirin warkarwa ko ɗaya. Can ya ce mini shi bai taɓa damuwa da dodon ba. A cikin wasan nan ne kaɗai ciwo ke kama shi ya danna abu ciwon ya tafi. Na ce mu sake daga farko, ya ce yatsunsa ba su da wannan ƙarfin yanzu. Bai yi mini faɗa ba, kuma wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Kafin sanyi ya wuce ya rasu.

Bayan an binne shi, mahaifiyarsa ta kawo mini na'urar, ta ce ɗanta ba shi da aboki kamata. Na kasa gaya mata. Har yau abin yana ci mini rai, domin ni na ɗauka taimako na yi. Don Allah, in mara lafiya ya ba ku ajiyar abin da kuke gani wasa ne, ku bar shi yadda ya ba ku, ba ku san me yake riƙe da shi ba. Na'urar tana ƙasan akwatina, ban sake kunna ta ba.